KEJIN MOTAR TSERE: BAYAN KIYAYEWAR ALLAH, SAI AMANAR MAI WALDA

Ran Jumma'a, 24 ga watan Janairu 2020, a kan duwatsun kudancin ƙasar Faransa, wata mota ƙirar Hyundai ta kauce daga hanya tana tsananin gudu a cikin tseren nan na Monte Karlo. Ta faɗa gangare, ta yi ta adungure tana karo da itatuwa, gilasai da tarkacen jikinta suna watsewa, kafin ta tsaya. Duk wanda ya ga hotonta bayan haɗarin ba zai yi zaton an fita daga cikinta da rai ba. Amma direban, Ott Tänak, mutumin ƙasar Estoniya wanda a lokacin shi ne zakaran duniya, da abokin tafiyarsa mai karanta masa hanya, Martin Järveoja, suka fito da ƙafafunsu. Bayan mako uku suka sake shiga tsere a ƙasar Suwidin, har suka zo na biyu.

Kiyayewa ta Allah ce, wannan babu ja. Amma a cikin sabubban da suka tsare rayukan mutanen nan biyu akwai wani abu wanda mai kallo daga waje ba safai yake lura da shi ba, watau kejin bututun ƙarfe da aka gina a cikin motar, ya kewaye mazauninsu ta sama da baya da gefe. Jikin motar ya lotse ya yage, kejin kuwa ya tsaya yadda yake, ya bar musu sararin da za su rayu a ciki.

Tun da yake matasanmu da yawa sun soma sha'awar wasan tseren motoci, wasu ma har suna kai motocinsu wajen masu walda a sa musu bututu don su yi kama da waɗanda suke gani a talabijin, ya kamata mu dubi yadda ake girka wannan keji a inda aka san aikin, da abin da ya sa kejin da aka yi wa ha'inci ya fi rashin keji haɗari.

DALILIN KEJI

Motar da kamfani ya ƙera don hawan yau da kullum an auna ta ne da irin gudun da mutane ke yi a kan titi. A fagen tsere kuwa lissafi yakan sake. Ɗalibai masu nazarin kimiyya sun san cewa idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa yake yi huɗu. Watau motar da ke gudun kilomita 160 a cikin sa'a ɗaya tana ɗauke da ƙarfin karo ninki huɗu na wadda ke gudun 80. Idan irin wannan mota ta kife, siraran ginshiƙan da ke riƙe da rufinta sukan durƙushe, rufin ya sauko a kan na ciki.

Masu tsere sun koyi wannan darasi ne da jinin 'yan'uwansu. A shekarar 1961 aka wajabta sa bakan ƙarfe a bayan kan direba a manyan motocin tsere na Formula 1, waɗanda ba su da rufi. A hankali dabarar ta bazu zuwa motoci masu rufi, baka ɗaya ya zama cikakken keji. Mu a nan Afirka abin ba baƙo ba ne. Tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda aka soma a 1953, motar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta cinye shi a 1975 da 1978. Haka kuma ayarin farko na tseren Faris zuwa Dakar ya ratsa ta Agadas da Yamai a watan Janairu 1979. A ido, motocin manyan kamfanoni da suka shiga irin waɗannan tsere sun yi kama da na kasuwa. Amma kama da wane ba ta wane ba ce, domin wanda ya leƙa ciki zai tarar an cire kujerun baya, an kafa ƙarfe.

SIFFAR KEJI

Hukumar da ke kula da wasan motoci a duniya, wadda ake kira FIA, mai babban ofishi a birnin Faris, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin da ƙungiyoyin ƙasashe da yawa suke bi. Ma'aunan da za mu ambata a nan na cikin littafin dokokinta ne na shekarar 2020, a sashe na 253 na ratayen da ake kira J.

Uwar kejin ita ce babban baka. Bututu ne guda ɗaya tak, ba haɗi, wanda aka lanƙwasa ya tashi daga ƙasan mota a bayan kujerar direba, ya bi ta ƙarƙashin rufi, ya sauka a ɗaya gefen. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin soron gargajiya ya dubi bakan gizon da magina suka ɗaure don ya ɗauki nauyin rufi, to, ya ga misalinsa. Daga wannan baka sai ƙafafu biyu su miƙa gaba, su bi gefen gilashin gaba su sauka kusa da ƙafafun direba, a haɗa su da wani bututu ta saman gilashin. Wasu biyu kuma su gangara baya su tokare bakan don kada ya kwanta, kuma an shar'anta karkatarsu kada ta kasa digiri 30 daga tsaye. Ta haka keji yake dafe jikin mota a wuri shida, wannan shi ne mafi ƙaranci ga motar gasa.

Sai dai ƙarfen da aka haɗa shi kusurwa huɗu yana iya karkacewa idan aka tura shi ta gefe. Kowane kafinta ya san haka, shi ya sa yake gicciya katako daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan ƙyaure. Alwatika, watau siffa mai kusurwa uku, ba ta karkacewa sai ɗaya daga cikin sassanta ya karye. Saboda haka ake gicciya bututu a cikin babban baka, da ƙarƙashin rufi, da kuma bakin ƙofofi, inda sukan zama kamar alamar sau ta lissafi. Na bakin ƙofa su ne garkuwa idan mota ta bugi itace ko wata motar ta soke ta ta gefe.

Akwai kuma iyakar da keji ba ya wucewa. Daga gaba zuwa baya, yana tsayawa ne tsakanin wuraren da sifirin da shokozoba suke riƙe da jikin mota. Hancin mota da bayanta ana barinsu da taushinsu da gangan, domin lotsewarsu ce ke shanye ƙarfin karo. Motar da aka ƙarfafa ta tun daga hanci har wutsiya, duk bugun da ta sha jikin direba zai koma.

Wanda ba gasa zai shiga ba, fili kawai yake zuwa don ya gwada motarsa a ranar da aka buɗe wa jama'a, sau da yawa rabin keji yake sawa, watau babban baka da matokaransa na baya. Akwai kejin da ake ɗaurewa da noti, ana iya kwance shi, akwai kuma wanda ake waldawa da jikin mota ya zauna ke nan. Na walda ya fi ƙarfi, amma mai mota ya sani daga ranar motarsa ta bar zama ta cefane.

BA KOWANE BUTUTU BA

A nan ne aka fi yin kuskure. Bututun famfo da wanda ake yin gado ko ƙofar gida da shi, fallen ƙarfe ne aka naɗe aka ɗinke da walda, yana da ɗinki tun daga kai har gindi, kuma ba don ɗaukar bugu aka yi shi ba. Wanda ƙa'ida ta yarda da shi bututu ne marar ɗinki, wanda aka ja shi da sanyi, gawayin da ke cikin ƙarfensa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Dalili kuwa, yawan gawayi yana ƙara wa ƙarfe tauri, amma yana sa shi tsagewa a gefen walda. Abin da ake bukata shi ne ƙarfen da zai lanƙwashe kafin ya karye. An kuma ce kowane murabba'in milimita ɗaya na ƙarfen ya iya jure jan da ya kai nauyin wajen kilo 35.

Babban baka faɗin bututunsa milimita 45 ne da kaurin bango 2.5, ko kuwa 50 da kauri 2. Sauran sassa ana yarda da 38 da kauri 2.5, ko 40 da kauri 2. Wajen lanƙwasawa, ba a gasa bututu da wuta a tanƙwara shi a jikin kututture. Da sanyi ake yi, a cikin injin da aka ƙera don haka, kuma ba a yi masa kwana mai kaifi. Idan bakin kwanar ya shafe ko ya yi tamoji, wannan bututu ya tashi daga aiki. An hana a shafa wa keji azurfar nan mai ƙyalli, an kuma hana a bi da mai ko ruwa ta cikin bututunsa. Saboda haka ƙarafan nan masu sheƙi da ake ɗaura wa bayan a-kori-kura ado ne kawai, kada kowa ya dogara da su.

YADDA AKE GIRKAWA

Aiki yana farawa ne da tuɓe cikin mota. A fitar da kujeru da darduma da kyallen rufi, a kankare kwaltar nan da ake mannawa a ƙasan mota don rage ƙara, a cire batir, a kawar da wayoyi da bututun mai daga inda wuta za ta taɓa, a rufe gilasai ko a cire su saboda tartsatsi. Tukunyar kashe gobara kuma tana kusa, da mutum guda wanda aikinsa kawai shi ne duba ƙarƙashin motar lokacin da ake walda. Idan aka tarar tsatsa ta ci ƙasan mota, sai an yanke an sake kafin a ci gaba, domin ba a ɗora gini a kan ruɓaɓɓen tushe.

Sa'an nan, tun kafin a yanka bututu ko ɗaya, a kafa kujerar tsere, direban da zai tuƙa motar ya zauna da hular kwanonsa a kansa, a auna. Kejin ake ɗinka wa mutum kamar yadda tela ke ɗinka riga. Ana so bututu ya manne da jikin mota iyakar iyawa, ya yi nesa da kai da gwiwa da hannu, kada ya tare gani, kada kuma ya hana mutum fita da sauri idan wuta ta kama.

Inda keji ya taka ƙasan mota shi ne wurin da ya fi kowane hatsari. Ƙarfen ƙasan mota siriri ne, kaurinsa wajen milimita 1 ne ko ƙasa da haka. Idan aka dasa bakin bututu a kansa kai tsaye, ranar da mota ta kife bututun huda shi zai yi kamar yadda tsinke ke huda ganye, kejin gaba ɗaya ya nutse, rufi ya biyo shi. Maganin haka shi ne farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 aƙalla, mai faɗin murabba'in santimita 120, watau kamar 11 sau 11, a walde shi da jikin mota don ya raba nauyi. Idan na ɗaurewa ne, kowace ƙafa ta babban baka da na gaba tana bukatar ƙusoshi uku aƙalla masu kaurin milimita 8, irin masu lamba 8.8 a kansu. Ƙusar da ba ta da lamba ba ta da shaida.

Kowane bututu da zai haɗu da wani sai an fafe bakinsa ya zauna daram a kan ɗan'uwansa kamar sirdi a bayan doki. Inda aka bar giɓi aka cike da narkakken ƙarfe, nan ne zai fara ɓallewa. Akan ɗiga walda kaɗan-kaɗan tukuna a ga komai ya zauna daidai, sa'an nan a bi kowane haɗi a kewaye shi kaf.

To, a nan ake gane mai amana. Haɗin da ke manne da rufi, hannun mai walda ba ya isa samansa, ido kuma ba ya ganinsa. Rago sai ya walde rabin da ake gani, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa. Gwanaye kuwa dabara suke yi. Wasu sukan huda ƙasan mota su zura ƙafafun kejin ƙasa har samansa ya sauko inda za su iya kewaye shi da walda, sa'an nan su ɗaga shi su toshe hudar da faranti. Wasu kuma rufin suke cirewa ɗungum, su mayar bayan sun gama. Aikin kwanaki ne, kuma ba wanda zai yaba, domin ba wanda zai gani. Dokar hukumar ma ta yi gargaɗi cewa kyan walda a ido ba ya tabbatar da ingancinta, amma mummunar walda ba ta taɓa zama alamar aikin kirki.

Bayan an gama, jami'an duba motoci na fagen tsere, waɗanda suke kamar Bi'ai'o a wajenmu, su ne za su bi kejin haɗi-haɗi, su auna kaurin bututu, su leƙa saman walda da madubi. Kejin da kamfani ya ƙera aka gwada shi yakan zo da takardar shaida da lamba a jikinsa, kuma ba a yarda a ƙara masa ko a rage masa kome ba. Manyan motocin gasa na yanzu irin wannan suke amfani da shi. Idan mota ta yi haɗari a tsakiyar tsere aka ga kejinta ya lanƙwashe, akan dakatar da ita ko da injinta lafiya lau yake.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe fiye da kome shi ne, keji ba ya aiki shi kaɗai. Abokan aikinsa huɗu ne: kujera mai rungume jiki, da bel mai igiya biyar ko shida, da hular kwano, da abin tallafar wuya. Idan aka cire ɗaya, sauran suna iya zama makami.

Ga misali. Bel ɗin motar gida an yi shi ne ya bar jiki ya ɗan motsa. Mutumin da ya ɗaura shi a cikin mota mai keji, ba hula a kansa, ko ƙaramin karo aka yi kansa zai bugi bututun ƙarfe da ke 'yan santimita kaɗan daga gare shi. Soson da ake naɗa wa keji ba irin na katifa ba ne, mai tauri ne wanda aka yi shi don ya tari hular kwano, bai isa ya kare tsirarar kai ba. Bugu da ƙari, bututu yana tare jakunkunan iska da ke fitowa daga gefen rufin motocin zamani, wanda kuma ya zauna a baya yana tsakiyar ƙarafa ne. Haka nan idan aka juya lissafin: wanda ya ɗaura bel ɗin tsere a motar da ba ta da keji ya ɗaure kansa ne a miƙe, idan rufi ya sauko ba shi da halin sunkuyawa.

Ko wurin ɗaure igiyoyin kafaɗa yana da ƙa'ida. Akan sa bututu na musamman a bayan kujera daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Wanda ya ja igiyoyin ya ɗaure su can ƙasa a bayan kujera, ranar karo danne shi za su yi, su matse ƙashin bayansa.

Maganar wuya kuwa, mutuwar Dale Earnhardt, shahararren direban Amurka, ita ta buɗe wa mutane ido. Ran 18 ga watan Fabrairu 2001 motarsa ta bugi bango a zagayen ƙarshe na tseren Daytona. Kejinsa bai rushe ba, amma jikinsa ya tsaya kansa ya fizgu gaba, gindin ƙoƙon kansa ya karye. Kafin shekarar ta ƙare hukumar tseren da yake ciki ta wajabta abin tallafar wuya, Formula 1 kuma ta wajabta irin wanda ake kira HANS a 2003.

Har ila yau, keji yana da iyakarsa. A 2005 Michael Park, mai karanta wa direba hanya, ya rasu a tseren Birtaniya lokacin da motarsu ta bugi itace ta gefen da yake zaune. A watan Afrilu 2023 kuma Craig Breen, mutumin ƙasar Ayalan, ya rasu a ƙasar Kuroshiya wajen gwajin mota, sa'ad da sandar shinge ta shigo ta taga. Waɗannan motoci ne da manyan injiniyoyi suka gina ba tare da tsimin kuɗi ba. To, ina ga wadda aka harhaɗa da bututun famfo a bakin titi?

SHAWARA

Ba muna cewa masu waldarmu ba su iya ba ne. A cikinsu akwai masu hannun da ba a raina shi, waɗanda idan aka ba su bututun kirki da injin lanƙwasa da ma'auni a rubuce za su yi aikin da za a nuna a ko'ina. Kwalejojinmu na fasaha da sassan aikin injiniya na jami'o'i suna da injunan gwada ƙarfin ƙarfe, kuma babu abin da zai hana ɗalibi ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe, ya walda haɗi iri-iri ya karya su ya ga inda suke gazawa.

Ga mai niyyar sa keji kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara neman littafin dokokin ƙungiyar da zai yi tsere a ƙarƙashinta, na shekarar da yake ciki, domin dokokin suna sakewa. Ya nemi shaidar irin bututun da aka sayar masa. Ya je garejin da kansa kafin a shafa fenti, ya sa madubi da tocila ya dubi saman kowane haɗi. Ya lissafa kuɗin kujera da bel da hula da abin wuya tare da na keji. Idan aljihunsa bai kai ba, ya dakata, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Motar da aka sa wa keji ta zama ta fili, a can ya kamata ta zauna. Wadda ake kai yara makaranta da ita, ake zuwa ofis da ita, a bar ta yadda kamfani ya ƙera ta, a ɗaura bel, a rage gudu. Allah ya kiyashe mu, ya kai kowa gidansa lafiya.